Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Sadarwa: kun karɓi yatsunmu da fuskokinmu, waye ke gadinsu?

Assalamu alaikum ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, da kuma shugabannin hukumar sadarwa NCC da hukumar kare bayanan jama'a NDPC da hukumar katin ɗan ƙasa NIMC, don su ma wannan maganar ta shafe su. Na san tun 2023 an mayar da NIMC ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, to amma lokacin da aka tasa mu gaba sai mun haɗa layukanmu da lambar ɗan ƙasa ta NIN a hannun ma'aikatarku take, shi ya sa ƙofarku na fara bugawa.

Ni mai gyaran waya ne a kasuwar waya ta Farm Centre nan Kano, ba shugaban wata ƙungiya ba ne kuma ba wanda ya aiko ni. Amma abin da zan faɗa ba nawa ba ne ni kaɗai, na masu tsayawa a gaban teburina ne kullum, direban adaidaita da aka rufe wa layi, matar aure mai sayar da atamfa a WhatsApp, ɗan fansho da aka yashe wa akawun, da yaran nan masu POS a ƙarƙashin lema. Su ba za su rubuto maka ba, wasunsu ma ba su san akwai wata hukuma mai suna NDPC ba balle su kai ƙara, sai dai su ce Allah ya isa su wuce.

Muna jin bayananku a rediyo da soshiyal midiya, za a shimfiɗa wayar intanet kilomita 90,000, za a koya wa matasa miliyan 3 fasaha, ga 5G, ga AI wanda yanzu duk taron da aka yi sai an ambace shi. Allah ya ba da sa'a, ba hassada nake ba, da fasahar nake cin abinci. Sai dai yallaɓai, duk sabon abin da aka kawo, abu na farko da yake tambaya shi ne lambarka, hotonka, yatsanka, ranar haihuwarka. Wanda muka bayar a baya ba mu san inda ya kwana ba, ga shi kuna cewa mu ƙaro.

Bari na fara da alƙawarin da aka yi mana. A Disambar 2020 aka ba da umarni kowa ya haɗa layinsa da NIN, aka ce sati biyu, ana tsakiyar korona. Duk wanda yake raye lokacin ya ga layin da mutane suka riƙa yi tun asuba a ofisoshin rijista, tsofaffi da masu goyo, wasu suka biya kuɗi a kan abin da aka ce kyauta ne. Aka yi ta ɗaga wa'adi, a Afrilun 2022 aka hana miliyoyin layuka kira, aka sake toshe wasu a 2024 har sai da mutane suka fusata suka afka wa ofisoshin kamfanin waya a ƙarshen Yuli NCC ta ce a buɗe, sannan aka saka 14 ga Satumba a matsayin ranar ƙarshe. Me aka ce mana dalili? Tsaro. Aka ce da zarar kowane layi ya samu mai shi, ɗan garkuwa ba zai ƙara kira ya nemi kuɗin fansa ba tare da an gano shi ba. Mu mutanen Arewa maso Yamma wannan maganar ita ta sa muka haƙura, don kusan ba gidan da bai san wani da aka ɗauka ba. A Satumbar 2021 har ɗauke sabis aka yi gaba ɗaya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, 'yan kasuwa suka riƙa tafiya mai nisa kawai don su buga waya ko su ga alat, shi ma aka shanye.

To yau fa? Har gobe da waya ake cinikin fansa. Su kira yau, su kira gobe, su saka wanda suka ɗauka ya yi kuka a kunnen uwarsa, su ce a haɗo da katin waya da babur, wasunsu ma har bidiyo suke ɗorawa a TikTok suna nuna damin kuɗi fuskarsu a buɗe. Shi kansa tsohon minista Farfesa Isa Pantami, wanda a zamaninsa aka kawo tsarin, ya fito a farkon 2024 yana ƙorafin cewa masu alhakin tsaro ba sa amfani da shi yadda ya kamata. Idan wanda ya kawo abu yana faɗin haka ni mai gyaran waya me zan ce? Abin da muka gani kawai shi ne tsarin yana da ƙarfi a kan tsohuwar da aka rubuta mata Hauwa a wani wuri Hauwa'u a wani wuri, ita kam a take ake rufe mata layi, amma wanda ke daji layinsa garau.

Kuma wannan batun saɓanin suna ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu. Muhammad, Mohammed, Muhammadu, Mamman, mutum ɗaya ne, wanda ya cike masa fom ne ya rubuta yadda ya ga dama. Da yawa daga iyayenmu ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, ejan ya duba fuska ya saka 1 ga Janairu. Yanzu idan za ka gyara ranar haihuwa a NIMC kuɗin ya haura naira dubu 28, ban da na kafe da na takardar kotu da na mota. Kuskuren wani ne, mai shi ke biya.

Abu na biyu shi ne ya fi ci min rai. A Maris ɗin 2024 'yan jarida masu bincike suka bankaɗo wani shafi mai suna XpressVerify da ke sayar da bayanan NIN na mutane ga duk wanda ya biya. Ba a jima ba, a watan Yuni, ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna wani shafin, AnyVerify, inda ake sayen bayanan ɗan Najeriya a kan naira 100. Naira 100 ranka ya daɗe, ko cajin waya sau biyu ba za ta yi maka ba a wasu unguwannin. Kuma don su tabbatar ba zuƙi ta malle ba ce sai suka ce sun sayi takardar NIN ɗinka kai kanka, da ta shugaban NDPC Dakta Vincent Olatunji. Na ji kunya da na ji wannan, wallahi. Bahaushe ya ce in kura na maganin zawo ta yi wa kanta.

NIMC ta fito ta ce ba a fasa rumbunta ba, waɗannan shafukan ba su da izini. To mun ji. Amma ni da aka sayar da hotona da adireshin gidana da lambar wayata, me ya dame ni da ta taga aka fitar ko ta ƙofa? Idan ta hannun waɗanda aka ba lasisin tantancewa abin ya zurare, ai ku kuka ba su lasisin. Har yau ba wanda ya turo mana ko tes guda ya ce wane, an buɗe bayananka a rana kaza, ka kula. Ranar da za a rufe layi kuwa tes har sau nawa yake shigowa. Kuma abin da mutane ba su gane ba, fasuwod idan ya fita ka canza, katin ATM idan ya ɓata a toshe a ba ka wani, amma yatsa fa? Fuska fa? Waɗannan guda ɗaya Allah ya ba mutum, idan suka fita sun fita kenan har ya koma ga mahaliccinsa.

Ga kuma masu bi unguwa unguwa da ƙauyuka da sunan tallafi. Su zo da riga mai tambari da ƙaramar na'ura, su ce gwamnati za ta raba kuɗi ko taki, a kawo NIN da BVN a tsaya a ɗauki hoto, mata su yi layi da takardunsu a leda. EFCC da kanta ta faɗa a 2025 cewa akwai samarin da ke sayen bayanan mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000 su sayar a buɗe akawun da su. Da wannan akawun ɗin za a karɓi kuɗin damfara, ranar da magana ta tashi kuma sunan wani bawan Allah manomi ne a jiki, wanda bai taɓa taka ƙofar banki ba. Talauci ne ya sa ya bayar, da kuma cewa ku kun saba masa da cewa duk wanda ya zo da kaki ko tambari ya ce kawo lambarka to dole ne.

Na uku, manhajojin bashi. Nan zan ɗan tsaya don a gabana abin ya faru. Wata baiwar Allah ta kawo min waya ta ce na goge mata komai, hannunta na rawa, niƙabinta ya jiƙe. Ashe bashin naira dubu 15 ta ci a wata manhaja don ta cika kuɗin maganin ɗanta, aka ce ta biya cikin sati ɗaya da ruwa mai yawa, ta makara. Sai suka ɗauki hoton da ta yi lokacin rijista, wanda ake cewa ka riƙe kati ka kalli kyamara, suka rubuta ɓarauniya a ƙasa da jan rubutu, suka tura wa duk wanda ke cikin wayarta. Surukarta ta samu, malamin islamiyyar yaranta ya samu, matan da ke sayen kaya a wajenta duk sun samu. Na duba wayar na ga ranar da ta sauke manhajar ta danna amincewa sau huɗu ko biyar, lambobi, hotuna, saƙonni, inda take, duk da Turanci, ita ko karatun Hausa da kyar take haɗawa. Na ce mata Hajiya ko na goge ba zai yi amfani ba, sun riga sun kwashe tun ranar farko. Ta ce to yanzu wa zan kai wa ƙara? Na yi shiru, don ofishin da na sani yana Abuja, fom ɗinsa kuma a intanet yake da Turanci.

Na san an yi wani abu, ba zan ci haƙƙi ba. Hukumar bunƙasa fasahar zamani NITDA ta ci tarar wani kamfanin bashi naira miliyan 10 a 2021, hukumar kare haƙƙin masu saye FCCPC ta kai samame Legas a 2022 ta kuma ce sai sun yi rijista, Google ma a 2023 ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane. Amma su ai ba su zauna ba, sun bar Play Store sun koma tura link ta WhatsApp da tallan Facebook, a rufe wannan suna gobe su fito da wani, kalar manhajar kawai suke canzawa. Kuɗin kuma ai ta akawun ɗin banki ake biyansu, akawun mai BVN. Yaya aka yi ita ana iya gano ta har ɗakin surukarta, su kuma ba a iya gano su?

Na huɗu, tsohon layi. Mutum ya yi tafiya ko ya kwanta ciwo ko ya rasu, layinsa ya yi watanni ba a amfani da shi, kamfani ya sake sayar wa wani. To amma banki bai sani ba, WhatsApp bai sani ba. Sabon mai layi sai ya riƙa ganin alat ɗin wani, kod ɗin shiga akawun ɗin wani na shigo masa. Idan mai tsoron Allah ne ya share, idan ba haka ba shikenan. Wani lokacin kuma shi sabon ne ke shiga uku, ba mu manta da ɗan kasuwar nan na jihar Delta ba da DSS ta tsare makonni 10 a 2019 don kawai layin da ya saya da kuɗinsa a da na 'yar shugaban ƙasa na lokacin ne, sai da kotu ta ce a biya shi diyya. Shi an ji labarinsa ne sabida sunan da ke ciki.

Haɗa wannan da ƙwacen waya da ya addabe mu a Kano. Da ɓarawo wayar yake so ya sayar, yanzu layin ya fi wayar daraja, kafin mai ita ya gama ɗaure raunin da aka ji masa ya isa ofis a toshe layin an gama da akawun ɗinsa, har bashi a ci da sunansa. Ku kuka ɗaure komai a jikin layi guda, banki, NIN, tallafi, jarabawar JAMB, amma ba ku taɓa zama kun koya wa mutane ko saka wa layi lambar sirri ba. Ni nake saka wa kwastomomina kyauta, mafi yawa ranar suke fara jin ana yi.

Sai su kansu wayoyin. Kullum ana fito da sabuwa, kyamara uku kyamara huɗu, an rubuta AI a kwali, ni da nake buɗe cikinsu na san sau da yawa bambancinta da ta bara bai kai kuɗin da aka ƙara ba. Wannan matsalar mai saye ce. Tawa damuwar ita ce abin da ke zuwa a cikin wayar tun daga kwali, manhajojin da ba ka saka ba kuma ba sa gogewa, suna shan data cikin dare suna watso talla a kan sikirin. A 2020 masu bincike sun gano dubban wayoyin Tecno W2 da aka sayar a ƙasashen Afirka irin su Ghana da Kamaru da Habasha ɗauke da muguwar manhaja tun daga masana'anta, tana yi wa mutane rijistar abin da ba su nema ba tana cin kuɗinsu, kamfanin ya ce daga wani mai kawo masa kaya ne. NCC tana ba waya takardar amincewa kafin a shigo da ita, to ana duba irin wannan kuwa, ko sabis da batir kawai ake gwadawa? Sannan ga wayoyin biya kaɗan kaɗan da ake kulle su daga nesa idan ka makara. Wanda zai iya kulle maka waya daga ofishinsa me kuma yake iya gani a ciki? Mai saye bai sani ba, yaron shagon da ya sayar masa ma bai sani ba.

Kuma don kar a ce na ware kaina, a cikin sana'armu ma akwai ɓata gari. Mace ta kawo gyaran sikirin a ce sai ta ba da fasuwod, alhali aikin bai buƙata ba, yaro ya zauna yana bin hotunanta ɗaya bayan ɗaya, wani har ya tura wa kansa. Aure ya mutu ta wannan hanyar, ba ɗaya ba. Manyanmu a kasuwa suna ƙoƙari idan an kama, amma ba wanda ya taɓa zuwa daga gwamnati ya gaya wa yaran nan cewa abin da suke yi laifi ne a doka, ba rashin tarbiyya kawai ba.

Duk wannan fa a kan kuɗinmu, don a Janairun 2025 an amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50, aka ce sabis zai gyaru. Zan bar wannan, kowa na da waya a hannunsa.

Abin haushin shi ne doka tana nan. Sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin ɗan ƙasa har da maganarsa ta waya. Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanai a Yunin 2023, a ciki an ce idan bayanai suka fita dole a sanar da hukuma cikin awa 72, kuma ana iya cin babban kamfani tarar kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara. Mun ji an ci bankin Fidelity naira miliyan 555, mun ji FCCPC ta ci Meta, kamfanin da ke da Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220. Madalla. Amma ban taɓa jin an hukunta wata hukumar gwamnati ba, alhali su suka fi kowa tara bayananmu, NIMC da INEC da immigration da masu lasisin tuƙi kowa ya ɗauki yatsunmu daban. Kuma tarar asusun gwamnati take shiga, wanda aka tozarta ko sisi.

Don haka ga abin da muke roƙo, ranka ya daɗe.

A fito a gaya mana sakamakon binciken XpressVerify da AnyVerify ƙarara, ta hannun wa bayanan suka fita, na mutum nawa, wa aka kai kotu, kuma duk wanda abin ya shafa a tura masa saƙo a layinsa. A samar da hanyar da duk lokacin da wani ya duba NIN ɗina zan ga tes kyauta, wane ne kuma don me, ko da ƙaramar waya mai tocila nake riƙe da ita, don ba kowa ke da babbar waya ba balle a ce ya sauke manhaja. A ba mu kod mai sauƙi da mutum zai ga duk layukan da duk akawun ɗin da aka buɗe da sunansa, ya iya cewa wannan ba nawa ba ne a rufe ba sai ya yi sati yana zirga-zirga ba.

Kafin a sake sayar da tsohon layi a tilasta cire shi daga banki da BVN da NIN na mai shi na farko, ku da CBN ku zauna ku daidaita wannan, ba aikin talaka ba ne. Manhajojin bashi kuma a bi kuɗin, a rufe akawun ɗin da suke karɓar biya, a hukunta bankin da ya buɗe musu, kuma wani kaso na tarar ya je ga waɗanda aka ci wa mutunci.

NDPC ta samar da wajen da mutum zai shiga da ƙafarsa a Kano da sauran jihohi ya yi ƙorafi da bakinsa, da lambar kira kyauta da za a ɗauka da Hausa. Duk manhajar da za ta yi talla da Hausa don ta samu kwastoma to a tilasta mata ta yi bayanin abin da za ta kwasa daga wayar mutum da Hausa, da murya ma, ba rubutu kaɗai ba. A shiga gidajen rediyo, nan mutanenmu suke, a gaya musu kar su ba kowa NIN da BVN don alƙawarin tallafi, a koya musu kulle layi. Gyaran suna da ranar haihuwa idan kuskuren ejan ne a yi shi kyauta.

Hukumomin tsaro kuma su fito su gaya wa majalisa masu garkuwa nawa aka kama ta hanyar haɗa layi da NIN tun 2020, da kuma sau nawa aka nemi bayanan wayar ɗan jarida ko mai sukar gwamnati, da izinin wace kotu. Idan tsarin yana aiki lissafin zai nuna.

Mu a Farm Centre a shirye muke, ku turo mutanenku su zo su zauna da masu gyara da masu sayarwa ko na yini ɗaya ne, su yi mana bayanin dokar, mu kuma mu nuna musu wayoyin da muke magana a kai. Kuma don Allah duk wani sabon kati ko sabuwar rijista da ake shirin kawowa a dakata da tilasta mana ita har sai an amsa waɗannan.

Allah ya taimaki minista, ya ba da ikon gyarawa.

Naka,
Wani mai gyaran waya,
Farm Centre, Kano.